Babi na Shida: Hoto Daga Gona Zuwa Ofis

A farkon 2016 masana a cibiyar IITA da ke Ibadan suka tabbatar da ɓullar wata baƙuwar tsutsa a gonakin masara na Afirka ta Yamma. Daga nahiyar Amurka ta fito, kuma ba ta jima ba ta iso arewa, inda masara ta zama abin dogaro tun daga Saminaka har Funtua, Bakori, Kafur da Malumfashi. Manomi a Gozaki zai shiga gona da sassafe ya tarar da ganye a huhhuje, tsakiyar masara cike da garin kashi. Sai dai ba ita kaɗai ke irin wannan ɓarna ba. Tsutsar da ke huda kara ta daɗe a ƙasar, kuma yadda ake yaƙar wannan ba lallai ya yi wa waccan ba. Masana na gane baƙuwar da alamu biyu: wani zane mai siffar harafin Y a kife a goshinta, da ɗigo huɗu baƙaƙe da suka yi murabba'i kusa da wutsiyarta. Dukansu ƙanana ne ƙwarai, sai an sunkuya an ƙura ido.

Wayar da ke aljihun ɗan manomi a yau tana iya ɗaukar waɗannan ɗigo huɗu tar. Abin tambaya shi ne ko za su isa gaban wanda ya san su. Daga gona hoton zai bi WhatsApp zuwa wurin mai sayar da maganin feshi ko malamin gona, shi kuma in abin ya fi ƙarfinsa ya tura wa na gaba. A wani mataki tilas hoton ya shiga imel, domin da shi ofisoshi ke aiki: hukumar KTARDA a Katsina, cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke Samaru, maƙwabciyarta NAERLS, kamfanonin iri da taki, da ƙungiyoyin tallafi masu neman rahoto duk ƙarshen wata. A wannan tsallakawar ce abubuwa ke dagulewa. Wani ya buɗe saƙo ya tarar hoto ɗaya ya cika allon kwamfuta, sai ya yi ta ja dama da hagu kafin ya gane ganye ne. Wani ya ga ɗan akwati fanko. Wani ya ga tsutsar a karkace, ta dusashe ta zama shafi-faɗi na kore da ruwan ƙasa. Mai aikawa kuwa ya rantse lafiya lau ya gan shi a wayarsa, kuma gaskiyarsa ce.

Yankin Funtua ya saba da malaman gona tun tuni. A 1975, lokacin da mulki ke Kaduna, aka fara shirin bunƙasa noma na Funtua da bashin Bankin Duniya, tare da takwarorinsa na Gusau da Gombe, kuma daga su ne tsarin ya bazu zuwa sauran jihohi. A wancan zamanin in cuta ta faɗa wa auduga ko dawa, malami zai hau babur ya je ya gane wa idonsa, ko a tsinko ganyen a ƙunshe a kai masa. Gani ya kori ji. Yanzu malamai sun yi ƙaranci, manoma sun ƙaru, wasu hanyoyin kuma ba a binsu sai da shahada saboda 'yan bindiga. Hoto ya gaji aikin babur, ba tare da an zaunar da kowa an koya masa yadda hoton ke tafiya ba.

Asalin matsalar shi ne imel don rubutu aka gina shi. Lokacin da Ray Tomlinson ya aika saƙo daga wata kwamfuta zuwa wata a Amurka a 1971, da lokacin da Jon Postel ya rubuta ƙa'idar isar da saƙonni a 1982, abin da hanyar ke ɗauka bai wuce alamomi 128 ba: haruffan Turanci manya da ƙanana, lambobi, alamomin rubutu da wasu 'yan umarni na na'ura. Babu hoto, babu murya. Ko ƙ da ɗ da ɓ ɗinmu ba su da gurbi, shi ya sa har yau wasu tsofaffin na'urori ke mayar da su alamar tambaya. Sai a 1992 wasu injiniyoyi biyu, Nathaniel Borenstein da Ned Freed, suka fito da tsarin da ake kira MIME. Ranar 11 ga Maris na shekarar Borenstein ya aika wa abokan aiki saƙon gwaji ɗauke da hoton wata ƙungiyar mawaƙa huɗu ta ma'aikatan kamfanin Bellcore, wadda shi ma yana cikinta, haɗe da sautin waƙarsu. Duk hoton fasfo da sakataren ƙungiyar manoma ke turawa daga shagon kwamfuta a Malumfashi, kan wannan turbar yake bi.

Dabarar da suka yi mai sauƙi ce. Tunda hanya rubutu kaɗai take ɗauka, sai a mayar da hoton rubutu. Manhajar imel na yanka fayil ɗin gutsi-gutsi, kowane bait uku ta rubuta shi da alamomi huɗu daga cikin 64 da aka ware, ta jera su layi-layi, kowane layi bai wuce alamomi 76 ba. A can ɓangaren mai karɓa a warware su hoto ya dawo. Akwai farashi: uku sun zama huɗu, wato nauyi ya ƙaru da kashi ɗaya cikin uku. Hoton wayar zamani yakan kai megabait uku zuwa biyar. In malamin gona ya zuba shida masu megabait huɗu-huɗu, a lissafinsa 24 ke nan, amma abin da zai bi waya 32 ne. Gmail ya tsaya a megabait 25, in an wuce sai ya ɗora kayan a Google Drive ya aika mahaɗi a madadinsu. Rumbunan saƙo na wasu ofisoshi kuwa a 10 ko 20 suke rufe ƙofa, kuma da yawansu nauyin bayan jujjuyawar suke aunawa. Saƙon sai ya dawo da dogon bayani da Turancin injiniyoyi, wanda mai aikawa ba zai karanta ba, ya ci gaba da jiran amsar da ba za ta zo ba.

Wannan ke nan game da nauyi. Zaman hoto a cikin saƙo kuma wani labari ne, kuma a nan gizo ke saƙar.

Hanya biyu ce. Ko dai a shimfiɗa hoton a tsakiyar rubutu, mai karatu ya gan shi daidai inda aka yi maganarsa, ko a maƙala shi a gefe a matsayin fayil mai suna, wanda za a danna a sauke. A 1995 aka ƙara wa tsarin wata 'yar alama, aka gyara ta a 1997, wadda ke tafiya tare da kowane fayil tana faɗin wanne daga cikin biyun mai aikawa yake so. Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne wannan alama roƙo ce. Tamkar rubutun da mai kaya ke yi a jikin kwali a tashar Funtua cewa kada a danne: wani yaron mota zai kula, wani ko kallo ba zai yi ba. Manhajar Mail ta Apple ta shahara da baje hoto a cikin saƙo ko da an maƙala shi ne, har da takardar PDF mai shafi ɗaya. Gmail yakan jera maƙalallun hotuna a ƙasan saƙo ƙanana-ƙanana. Outlook yakan sa su a ƙarƙashin kan magana. Saƙo ɗaya, ofis uku, kama uku.

Duk da haka mai aikawa yana da abin yi. A Gmail na kwamfuta, in aka jawo hoto aka saki a cikin rubutu ko aka kwafo aka liƙa, ya shimfiɗu ke nan. In aka bi ta alamar maƙalin takarda, ya zama fayil. Maɓallin saka hoto ma yana ba da zaɓin biyun a fili. Bambancin ba na ado ba ne kawai. Hoton da aka shimfiɗa wasu manhajoji na rage masa inganci don ya dace da faɗin saƙo, yakan rasa sunansa na asali, kuma in aka yi ta tura saƙon daga hannu zuwa hannu yakan faɗi a hanya. Wanda aka maƙala yana isa yadda ya fito, da sunansa da girmansa. Saboda haka gayyatar taron rabon taki, wadda ake so a gani da buɗewa, ta fi dacewa da shimfiɗawa. Hoton tsutsa, hoton fasfo, takardar gona, rasit, duk abin da za a zuƙo a duba ko a adana a fayil, maƙalawa ta fi masa. Rahoto mai hoto goma da bayani a ƙarƙashin kowanne kuwa, mai hankali ba ya barinsa a hannun manhajar wani: a haɗa shi PDF guda, ta yadda hoton gonar Kafur ba zai koma ƙarƙashin bayanin gonar Danja ba.

Akwai wasu ƙananan ƙayoyi da ke kan wannan hanya. Outlook yana da wani salon rubutu nasa na kansa, wanda in an aika da shi ga mai wata manhaja daban, hotunan kan dunƙule cikin fayil guda mai suna winmail.dat da ba ya buɗuwa. Maganinsa a wurin mai aikawa yake, ya sauya salon zuwa HTML ko rubutu zalla. Tun 2017 iPhone ke adana hoto a tsarin HEIC, kuma tsohuwar kwamfutar shagon buga takardu ba lallai ta gane shi ba, alhali JPEG kowa ya san shi. Hoton da ke zuwa a kwance shi ma da dalilinsa: waya ba ta juya hoton da gaske, wata alama take rubutawa a ciki cewa ga sama ga ƙasa, manhajar da ba ta karanta alamar ba sai ta nuna shi yadda ta ga dama. Sai kuma tambarin ofis da ake sawa a ƙasan saƙo wurin sa hannu, wanda kan bayyana a matsayin fayil mai suna image001.png. Akawu ya ga maƙalallu biyar, ya buɗe huɗu ya tarar duk tambari ne.

Amma babbar asara tun kafin a kai ga imel take faruwa. WhatsApp yana matse hoto don ya yi saurin tafiya, ya rage masa faɗi da tsawo ya zubar da ƙananan bayanai, kuma ɗigo huɗun nan suna cikin abin da ke fara zubewa. In wani ya ɗauki hoton allon wayarsa maimakon ya adana na asali, ya tura, na gaba ya sake yin haka, kafin a iso Samaru babu abin da ya rage sai launi. Imel ba zai iya maido da abin da aka riga aka yar ba. Mafita biyu ce a WhatsApp ɗin kansa: a aika hoton a matsayin takarda, wanda ba a taɓa shi, ko a danna zaɓin HD da aka ƙaro a 2023, wanda ya fi na kullum ko da yake shi ma ana ɗan matse shi.

Za a ce data na da tsada, kuma haka ne. A Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya su ƙara farashi har kashi 50 cikin ɗari. Sabis ma ba tabbas. Mutanen yankin ba su manta da Satumbar 2021 ba, lokacin da aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtua, Malumfashi da Bakori, don yaƙi da 'yan bindiga, aka yi watanni sai mutum ya yi tattaki kafin ya samu inda zai aika saƙo. Wanda ya sha wannan ba zai yi wasa da megabait ba. To amma tsimin yana da hanya mai kyau da marar kyau. Rage girman hoto gaba ɗaya yana rage tsutsar tare da komai. Yanke gefe da gefe, a bar tsutsar kaɗai, yana zubar da sararin sama da takalmin mai ɗauka, ya bar abin da ake nema da cikakken ƙarfinsa. Hoto uku sun wadatar: gonar daga nesa, ganyen da aka ci, da tsutsar daf da daf, a inuwa, an ajiye tsinken ashana kusa da ita don a san girmanta. iPhone yakan tambayi mai aikawa ko ƙarami yake so, ko matsakaici, ko babba, ko girman asali. Hoton taro ya tafi a matsakaici. Na cutar tumatir, irin sharon da ta sa gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir a Mayun 2016, ya tafi a girmansa. Sa wa fayil suna ma aiki ne: garin, amfanin gonar da kwanan wata sun fi jerin lambobin da waya ke bayarwa amfani ga wanda zai neme shi bayan wata shida.

Hoton da ya isa cikakke yana isa da abin da ido ba ya gani. A cikin fayil ɗin akwai wani sashe da ake kira EXIF, inda waya ke rubuta irinta, ranar ɗauka da sa'a, kuma in an kunna mata sanin wuri, ta rubuta daidai inda mai ɗauka ya tsaya, kuskuren bai wuce 'yan mitoci ba. WhatsApp yana share wannan daga hoton da ya matse. Imel sau da yawa ba ya sharewa, ko da yake wasu sababbin wayoyi kan cire wurin da kansu kafin su miƙa hoton. Ga masu shirin bashin noma wannan alheri ne, domin tun shirin Anchor Borrowers da aka ƙaddamar a Kebbi a Nuwambar 2015 ake ta fama da tantance gonar gaske da ta takarda, kuma hoto mai ɗauke da wuri da rana shaida ce. Ga mai binciken ƙwari ma haka, yana iya zana taswirar inda tsutsa ta kai.

Ɗaya fuskar kuwa, labarin John McAfee ya isa misali. A Disambar 2012 attajirin nan da ya kafa kamfanin manhajar kashe cutar kwamfuta yana ɓoye, 'yan sandan ƙasar Beliz na nemansa don su yi masa tambayoyi game da kisan maƙwabcinsa. Mujallar Vice ta wallafa hotonsa da wakilinta ba tare da goge bayanan ciki ba, nan da nan masu karatu suka gano yana Gwatemala, kuma cikin 'yan kwanaki aka kama shi a can. A yankin da ake sace mutum don an ji ya sayar da masara, hoton sito cike da buhuna wanda ke ɗauke da wurin da siton yake ba abin turawa barkatai ba ne. Dillali a Dandume yana buƙatar ganin ƙwayar masara da bushewarta, ba ya buƙatar sanin ƙofar gidan mai ita. Kashe sanin wuri a saitin kyamara aikin daƙiƙa kaɗan ne, a kunna shi ranar da ofis ya nema.

Bayan hoton da aka shimfiɗa da wanda aka maƙala, saura nau'i na uku, hoton da ba ya cikin saƙon kwata-kwata. Tallan banki, na kamfanin waya, wasiƙun ƙungiyoyi, yawancinsu adireshin hoton kawai suke ɗauke da shi. Sai an buɗe saƙon manhaja za ta je rumbun mai aikawa ta ɗauko. Wannan zuwan shi ke tona asiri, domin rumbun zai rubuta cewa wane ya buɗe, da ƙarfe kaza, da na'ura iri kaza, daga wajen gari kaza. 'Yan talla sukan dasa hoto mai girman ɗigo ɗaya tak, marar launi, don wannan aikin kaɗai, kuma masu saƙon damfara na amfani da shi su gane adireshin da ke da rai. Shi ya sa tun fitowar Outlook 2003 manhajar ke toshe irin waɗannan hotuna sai an ba ta izini, kuma akwatin fankon da ake gani sau da yawa wannan ne, ba lalacewa ba. Gmail ya ɗauki wata hanya a Disambar 2013: yana ɗauko hotunan ta rumbunsa ya nuna, wurin mai karatu ya ɓoyu, amma ana iya sanin ya buɗe. Apple a 2021 ya ƙara gaba, yana ɗauko su ko an buɗe ko ba a buɗe ba, lissafin 'yan talla ya rikice. Ga mai ƙaramar data akwai riba biyu a shiga saitin Gmail na waya a zaɓi cewa a riƙa tambaya kafin a nuna hotuna: an hana leƙen asiri, an kuma hana tallan da ba a nema ba cinye kuɗin kati.

'Yan damfara sun daɗe da sanin mutane na amincewa da abin da ya yi kama da hoto ko takarda. A Mayun 2000 wata cutar kwamfuta da ta taso daga Manila, wadda aka sani da ILOVEYOU, ta ratsa miliyoyin na'urori cikin 'yan kwanaki. Sunan fayil ɗinta ya ƙare da .TXT.vbs, Windows kuma yana ɓoye wutsiyar ƙarshe, sai mutane suka ɗauka wasiƙa ce alhali umarni ne ga na'ura. Gmail yanzu ba ya barin a maƙala fayil irin .exe da .vbs da .apk, don haka dabarar ta sauya. Sai a shimfiɗa hoton da aka zana shi tamkar maƙalallen rasit ko takardar amincewa da bashi, da ɗan suna da girma a ƙarƙashi, a ɓoye mahaɗi a bayansa. Sakataren ƙungiya da ke jiran labarin tallafi ya danna, ya faɗa shafin da ke neman kalmar sirrinsa ko lambar BVN. Fayil na gaske yana da maɓallin saukewa nasa a ƙasan saƙo, tare da sauran maƙalallu. Na bogi a tsakiyar rubutu yake zaune, kuma in aka danne shi da yatsa na ɗan lokaci a waya, ko aka ɗora masa kibiya a kwamfuta ba tare da dannawa ba, adireshin da zai kai mutum yana fitowa.